Daminar da Inna Ta Leƙa Rumbu

Kwana huɗu ke nan ruwa bai bar mu mun shanya ko tsumma ba, ga gida ya cika da hayaniyar komawa makaranta. Jiya da hantsi jikata Bilki ta zo ta tsaya a kaina tana kumbure-kumbure, wai tela ya sa wa rigarta aljihu ɗaya, na ƙawayenta kuwa biyu-biyu ne. Na ce mata, "Ke tafi can, sarkin ƙorafi. Me kika tara da aljihu ɗaya ba zai ɗauke ba?" Ta yi dariya ta wuce. Ni kuwa na zauna a bakin ƙofa ina shaƙar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai gabana ya faɗi haka kawai. Duk shekara haka nake yi in damina ta yi nisa aka fara zancen buɗe makaranta. Yara suna cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne, wata damina ce ta ƙi fita daga jikina.

Lokacin ban fi shekara goma ba. Tudun Wada ba haka take ba. Gidaje ne tsilli-tsilli na baƙin da suka biyo hanyar jirgin ƙasa, yawanci darnin kara, in ka zagaya bayan gida sai gonaki har Tudun Jukun. Babanmu, Malam Iro, ɗinkin hula yake yi da rani, da damina ya koma gona. Mu uku ne a wurinsa: Yaya Habu, ni Asabe, sai ƙaninmu Tanko da bai daɗe da yaye ba. Akwai kuma Goggo Mairo, yayar Baba, wadda ta dawo gidanmu bayan rasuwar mijinta. Ita kaɗai ce mai iya kallon Baba ido cikin ido ta kira sunansa.

Yaya Habu ne farkon wanda ya taka makarantar boko a zuriyarmu, kuma ba da son Baba ba. Mai unguwa ne ya zo ya nuna shi, aka ce umarni ne daga sama. Shekara huɗu yana zuwa elementare, Baba bai taɓa tambayarsa abin da ake koya musu ba. In ya gan shi yana rubutu daga hagu zuwa dama, sai ya yi tsaki ya kau da kai.

Shekarar da ta gabaci wannan daminar fara ta sauka mana ana dab da girbin dawa. Abin da aka kwaso bai taka kara ya karya ba. Sannan ruwa ya yi jinkiri, shukar farko ta ƙone, aka sake. Da sama ta tashi buɗewa kuwa, sai ta buɗe gaba ɗaya. Ruwa safe, ruwa yamma. Katangar makwabta ta zube, itace ya ƙi kamawa, Inna ta yini tana hura wuta idanunta jawur. A gona ciyawa ta yi ta tsere da dawa har ta kusa wuce ta. An samu an yi noman fari da ƙyar, saura maimai, sai kurkunu ya kwantar da Baba.

Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, Allah ya sa kada su sani. Tsutsa ce fara, siririya kamar zare, take fitowa ta ƙurji a idon sawu. Kullum da safe Goggo za ta zauna ta naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, ba a ja, in ta tsinke ƙafa ta kumbura ke nan. Shi Baba guda biyu suka fito masa, kowace ƙafa ɗaya. Mutumin da ke riga kowa isa gona ya koma jan gindi daga ɗaki zuwa rumfa. Fushinsa ya ƙaru, abincinsa ya ragu.

A gidanmu, kamar gidaje da yawa a lokacin, mace ba ta leƙa rumbu. Maigida kaɗai ya san abin da ke ciki. Shi zai hau tsani, ya ɗage jinka, ya fito da dami ya miƙa a sussuka. In Inna ta ce, "Malam, da saura dai ko?" amsarsa ɗaya ce: "Akwai." Da ya kwanta, kowa ya zaci Yaya Habu zai sa. Ina! Sai ya bari Yaya ya tafi gona, Inna ta shiga madafa, sannan ya yafito ni.

Na hau tsanin, na ture jinkar, na zura kai. Duhu da warin ɓera suka buge ni. Na dira ciki, ƙafata ta taɓa ƙasa, ƙasa sosai, ba hatsi ba. Na lalluba. Dami uku ne jingine a gefe, shi ke nan. Na turo ɗaya waje, na fito, na durƙusa gabansa.

"Nawa kika gani?"

"Uku, Baba. Yanzu saura biyu."

Ya kama kunnena, bai murɗa ba, riƙewa kawai ya yi. "Ba ki ga komai ba. Ko uwarki, ko Goggo, ko Habu. In na ji a bakin wani, ni da ke ne."

Tun daga ranar na daina ƙoshi, ko da na ci. Inna tana auna gari tana cewa a yi haƙuri a lallaɓa, ni kuwa ina kallon hannunta kamar in ce ta rage. Gero sai ya yi wajen sati uku kafin a samu tumu. Na iya ƙirga wannan, ko ban je boko ba.

Ana cikin haka, ran wata Asabar da la'asar, malamin su Yaya ya yi sallama da takarda a hannu. Aka shigo da shi rumfa saboda Baba ba ya iya fita zaure. Ya ce Habu ya ci jarrabawa, an ɗauke shi babbar makarantar kwana ta cikin birni. Za a buɗe ran Litinin ta sama, kwana tara ke nan. Wanda bai bayyana ranar ba, a ba wani gurbinsa, akwai masu jira.

Yaya Habu yana tsugune a gefe, laka har gwiwa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Malam, an gode. Amma ka ga ƙafafuna. Ciyawa ta cinye gona, hannu ɗaya gare ni a gidan nan, shi ne wannan. Ba inda za shi."

Malamin ya yi ta ba da baki, har ya ce a can ba a biɗar komai daga iyaye, ana ba su tufafi, ana ba su abinci safe da rana da dare. Baba bai ko ɗaga kai ba. Bayan ya tafi Goggo ta taso.

"Iro, yaron nan shekara huɗu yana sassarfa cikin rana da ruwa, sai da ya kai bakin gaɓa za ka janye shi?"

"Yaya, karatu za mu ci?" in ji Baba.

"To in an gama maimai kafin Litinin ɗin fa?"

Baba ya yi wata dariya marar daɗi. Gonar nan ko ƙarti huɗu sai sun yi sati guda a cikinta. "In an gama, ya tafi," in ji shi.

Inna ba ta ce uffan ba. Ba za ta iya ba. Yaya Habu ɗan farinta ne, kuma Inna irin mutanen da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan" ko "wancan". Ba ta zama inda ake yabonsa, balle ta buɗe baki ta roƙa masa wani abu a gaban mijinta. Amma na ga yadda ta riƙa dukan turmi a yammacin nan, har taɓarya tana ƙara. Wanda bai san ta ba sai ya ce ba ta damu ba.

Kwana biyu Yaya yana fita tun assalatu, ya dawo magariba tafin hannunsa duk ya fashe. Ni ke kai masa kunu da rana. In na tsaya a bakin gona na dubi inda ya nome, na dubi abin da ya rage, sai in ji kamar in zauna in yi ta kuka. Shi kuwa sai ya kurɓe kunun a tsaye ya koma.

Ran Talata Inna ta durƙusa a bakin rumfa, Goggo tana bayanta. Ta ce, "Malam, Yaya Mairo ta kai goro wurin sarkin samari. Sun karɓa. Ran Asabar za su yi mana gayya, su wajen ashirin, da mai ganga."

Wayyo Allah! Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Gayya ba a biyan kowa, amma ana ciyarwa, kuma ciyarwa ta fita kunya: fura da hantsi, tuwo da azahar, kowa ya ci ya ture. In samari suka karɓi goronka kuma, magana ta ƙulle. Ka janye, ka zama abin faɗi a unguwa, ba kuma mai sake amsa kiranka.

"Da izinin wa?" Muryar Baba har Tanko ya firgita.

"Da izinina," in ji Goggo. "Hatsi ne ba ka so a taɓa? Ai kai kake cewa akwai."

 Baba ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zanena. Da ya faɗa a lokacin, da an san yadda aka yi. Amma mutum ya ce wa matarsa da yayarsa rumbunsa ya ƙare tun damina ba ta raba ba, wannan ya fi masa kurkunu ciwo. Ya juya fuska ga bango ya yi shiru, su kuwa suka ɗauka ya yarda.

Laraba ta wuce ina yawo da maganar a ciki. Sau biyu ina zuwa bayan Inna in tsaya, in ta waiwayo sai in ce ba komai.

Ran Alhamis da hantsi aka ɗan samu rana. Inna ta ce yau za a sussuka, gobe a yi daka. Ta zo ta tsaya a gindin tsani da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce in hau. Baba yana rumfa yana kallonmu, Goggo tana naɗe masa tsinke. Na shiga, na turo dami ɗaya. Na turo na biyu.

"Ƙaro biyu," in ji Inna daga waje. "Ƙarti ashirin ba wasa ba ne."

Na tsaya a cikin duhun nan ina lalube.

"Asabe, ba ki ji ba ne?"

"Inna..."

"Mene ne? Maciji ne?"

Kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Inna, babu."

Sai na ji tsani yana motsi. Hasken bakin rumbun ya toshe, na ɗaga kai, ga fuskar Inna. Ta dubi ƙasan rumbun, ta dubi kusurwa-kusurwa, ta dube ni a tsaye ba komai a gefena sai ɓuntu. Ba ta yi salati ba, ba ta yi ihu ba. Ta miƙo hannu ta jawo ni, muka sauka.

 Goggo ta saki tsinken ta riƙe baki. Baba ya dubi matarsa da ta sauko daga tsanin da ba mace ta taɓa hawa ba, na jira ya yi tsawa. Bai yi ba. Idonsa ne ya kaɗa.

Inna ta je ta durƙusa. "Malam, laifina ne. Ban sani ba. Bari Yaya ta je ta ba su haƙuri, a mai da hatsin."

"A'a, ni na ja," in ji Goggo. "Ni zan je in sha kunyar."

 Ni ina rakuɓe a jikin rumbu, sun ma manta da ni. Can Baba ya ce, "Yaya, malamin nan da ya zo. Cewa ya yi sau nawa ake ba su abinci a can?"

"Sau uku, in ji shi."

"Kullum?"

"Haka ya ce."

Ya dubi damin nan biyu a ƙasa. "In na riƙe shi, wannan ba zai kai mu kwana goma ba, kuma da yunwa ba zai gama gonar ba. Ga shi kullum ramewa yake." Ya share fuska da tafin hannu. "A sussuka. A yi gayyar. Ko mutum ɗaya a gidan nan ya riƙa kwana da abinci a cikinsa." Sannan ya ɗaga yatsa, ya haɗa har da ni. "Kada wanda ya gaya masa. In ya sani ba zai tafi ba."

Ran Juma'a muka yini daka. Inna ta tara dusar a ƙwarya ta rufe, ko ruwan wankin hatsin ba ta zubar ba. Yaya ya dawo ya ga ƙoren fura a jere, ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba, ya ce mini, "Asabe, ashe Baba yana da ajiya haka?" Na ce masa i, na shige ɗaki.

Asabar ta waye da hadari baƙi ƙirin ta gabas. Samari suka taru, mai ganga ya goce, suka shiga gona a jere, hauya tana tashi tana sauka lokaci ɗaya. Ni da 'yan matan makwabta muka yi ta jigilar fura a ka. Ina kallo suna sha suna zubarwa, wani har ya watsa wa abokinsa saura don wasa, na ji kamar in shaƙe shi. Kowa yana duban sama. Iska ta taso, ta lafa, ta sake tasowa. Da azahar aka ci tuwo, aka suɗe akussa tas. Ba a daɗe da komawa ba ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Suka ci gaba a cikinsa, ganga ta jiƙe ta daina amo, suna yi da waƙar baki, har rafi ya cika ya fara shigowa gona. Sarkin samari ya ce a tashi haka nan. Wani yanki ta bakin rafin ya rage, aikin kwana uku ga mutum ɗaya, kuma ruwa ya kwanta a kansa.

Yaya Habu bai iya ƙarya ba, wannan halinsa ne har ya tsufa. Ya shigo jiƙe sharkaf yana rawar sanyi, ya tsuguna gaban Baba.

"Baba, ba a gama ba. Saura ta bakin rafi."

Inna tana madafa, na ga hannunta ya tsaya a kan tukunya.

"Na tambaye ka?" in ji Baba. "Tashi ka sake riga. Gobe ka wanke kayanka."

Ran Litinin da sassafe Yaya ya naɗe tabarmarsa, ya ɗaure riguna biyu a ɗankwalin Goggo. Baba ya sa masa albarka a gajarce. Inna ba ta fito ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, na tafi." Daga ciki ta ce, "A gaya wa yaron nan ya riƙe salla." Ni da Goggo muka raka shi har inda ake hango ganuwa, muka juyo.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi, amma ya faru. Dusar nan ta kai mu kwana huɗu. Daga nan sai ganye. Kullum in ɗauki ƙwarya in shiga bayan gari in yagi tafasa da rama, Inna ta dafa ta matse, wata rana da ɗan gishiri, wata rana haka nan. Ta riƙa karɓar surfen makwabta don a bar mata dusa, tana yi tana hutawa saboda jiri. Cikin Tanko ya kumbura, gashinsa ya yi ja, ya daina kuka ma sai ido. Baba ya riƙa cewa azumin nafila yake yi, ya tura wa Tanko rabonsa. Ni da Goggo muka nome yankin bakin rafin nan da kanmu, muna yi muna zama. Ranar da Goggo ta karyo kan gero na farko muka gasa tumu, hannuna rawa yake yi har na kasa murzawa. Allah ya sa ba mu rasa kowa ba, amma Tanko bai sake yin ƙiba ba har girmansa.

Yaya Habu ya gama, ya zama malamin makaranta, ya sa 'ya'yansa da nawa duka a boko, mata da maza. Duk shekara in za a koma makaranta sai ya tara su ya ce, "Kakanku mutum ne mai hangen nesa. Yana kwance ba ƙafa, gona ba a gama ba, ya ce in tafi in yi karatu." Ni dai in yi shiru in dubi ƙasa. Har ya koma ga Allah ban gaya masa ba, kuma ban yi da-na-sani ba.

Abin da na gani da idona shi ne ranar da ya fara zuwa gida, bayan wata biyu da tafiyarsa. Ya shigo da farar riga da jar hula, kumatunsa sun ciko, wuyansa ya yi kauri. Ya tsuguna gaban Baba yana ta zuba: an koya musu taswirar duniya, ya zo na biyu a lissafi, wani Bature ya duba littafinsa. Baba yana ɗinkin hularsa bai ɗago ba. Sai Yaya ya ce, "Abinci ne dai matsala. Wake, wake, kullum wake, har ya fita raina."

Inna ta tashi tsam ta shige ɗaki.

Baba ya soke allurar a jikin hular, ya ɗago ya ƙare masa kallo tun daga sama har ƙasa.

"Amma kana ƙoshi?"

"Ƙwarai, Baba. Har ragewa muke yi."

"To alhamdu lillahi," in ji Baba, ya zare allurarsa ya ci gaba da ɗinki.

Tambayar da ya taɓa yi masa ke nan kaɗai a kan boko.